Zanen ƙarfe bai cika ba, Alhaji kuma yana cewa a fara: yadda za ka tsare kanka kafin ka kunna injin walda

Shekaranjiya wani ƙanena a sana'a da yake da garejin walda a wajen Ringim ya turo min hoton takarda biyu ta WhatsApp, wai zanen sito ne na ajiye shanshera da wani Alhaji zai yi a ƙauyensu, faɗi mita 18 tsawo mita 36, ƙarfe zalla tun daga fila har rufi. Ya ce yaya duba min nawa zan ce masa, gobe Alhajin yake so in ba shi farashi. Na buɗe na ƙura ido, akwai fuskar gini ta gaba da ta gefe, an yi mata kyau har da zanen tirela a bakin ƙofa, akwai tsawon fila, a wuri ɗaya an rubuta girman H-bim, shikenan. Babu kaurin faranti, babu yawan bol, babu girman walda, babu biresin ko ɗaya, wato ƙarafan gicciye da ke hana gini karkacewa, kuma babu yadda ƙafar fila za ta kama kankare. Na kira shi na ce kar ka kuskura ka faɗi ko sisi tukuna, wannan rabin zane ne, kuma ɗaya rabin da babu shi, shi ne ake shari'a a kansa.

Abun da nake so 'yan uwa masu walda da ƙananan 'yan kwangila su gane shi ne, duk gurbin da aka bari a zane dole wani ne zai cike shi, kuma wanda ya cike da hannunsa ba tare da takarda ba shi ya ɗauki kayan. Idan aiki ya tsaya lafiya ba wanda zai ce maka sannu, idan kuɗi ya ƙaru daga aljihunka ne, idan kuma iskar farkon damina ta kwashe rufin, ranar za ka ji injiniya yana cewa ai ni ban zana haka ba, Alhaji yana cewa ai ni ban san ƙarfe ba na ba ƙwararre ne. Dukansu kuma gaskiya suka faɗa, kai kaɗai ka rage a tsakiya.

Toh farko dai ka san wace irin takarda ce a hannunka, don ba kowane zane ne zanen aiki ba. Akwai na akitek, shi yana nuna fasali ne da ƙofofi da tsayi da yadda gini zai yi kyau. Akwai na injiniyan gini, shi ne mai lissafin nauyi, shi zai ce ga girman ƙarfe ga yadda za a haɗa. Sannan akwai zanen gareji, wanda mai haɗa ƙarfen ke fitarwa daga na injiniya, kowane gunta da tsawonsa da inda za a huda shi. Yawancin abun da ake miƙo mana a karkara na farkon ne kawai, wani lokacin ma wani yaro ne mai kwamfuta a Dutse ko Kano ya kwafo na wani aikin ya canja suna. Ka duba kusurwar ƙasa ta dama, nan ake sa sunan wanda ya zana da kwanan wata da lambar zane da lambar gyara. Ka duba akwai hatimin injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da injiniyoyi a ƙasar nan tun dokar soja mai lamba 55 ta 1970. Hatimin ARCON na akitek ne, ba ya tsaya maka a kan lissafin ƙarfe. Sannan ka karanta abun da aka buga a jiki, in an rubuta na neman farashi ne ko na neman amincewa ne, toh ba a yanka ƙarfe da shi, sai wanda aka rubuta na aiki ne. Mutane na raina wannan, amma a gaban alƙali kalmar nan guda ɗaya tana iya raba gardama.

Daga nan sai ka ɗauki biro ka bi zanen kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ni daga mahaɗa nake farawa, don ƙarfe ba kasafai yake karyewa a tsakiya ba, a inda aka haɗa shi yake cin amana. Inda rafta ta haɗu da fila, faranti mai kaurin milimita nawa, bol nawa, M16 ne ko M20, wato mai kaurin milimita 16 ko 20, kuma wane aji. Ka duba kan bol za ka ga an buga 4.6 ko 8.8, a ido kamar ɗaya suke amma na 8.8 ya ninka na 4.6 wajen jure ja, in zane ya ce bol kawai bai faɗi aji ba toh bai ce komai ba. Walda ma haka, milimita 6 ce ko 8, zagaye za a yi ko gefe biyu, a gareji za a yi ko a sama bayan an ɗaga. Shi kansa ƙarfen wane aji, S275 ko S355, don injiniyoyinmu da yawa da ƙa'idar Ingila ta BS 5950 suke lissafi wasu kuma da ta Turai, kuma lissafin yana kan ajin da suka ɗauka ne.

Sai girman bim. Idan aka rubuta 203 sau 133 aka yi shiru, akwai mai kilo 25 a mita akwai mai kilo 30, daga nesa ba za ka bambance su ba. Kilo 5 a mita kamar wasa, amma sanda ɗaya mai mita 12 kilo 60 kenan, sanda 20 ya zama tan ɗaya da kilo 200, ka je kasuwar ƙarfe ta Ƙofar Ruwa a Kano ka tambayi kuɗin tan ɗaya yau sai ka gane inda ribarka za ta tafi. Angul mai 50 sau 50 ma haka, mai kaurin 5 yana kusan kilo 3.8 a mita, mai 4 kuma kilo 3 da ɗan kaɗan. Faranti kuwa lissafinsa mai sauƙi ne, kowace milimita ɗaya ta kauri kilo 7.85 ce a murabba'in mita, wato mai milimita 10 kilo 78.5. Ka haddace wannan, zai yi maka rana.

Abun da aka fi mantawa da shi a zane a wajenmu shi ne biresin da bol ɗin ƙafa, kuma su ne iska take nema. Mu nan ba ƙanƙara ke sauka a rufinmu ba, guguwar watan biyar da shida ce matsalar, kuma ita ba danna rufi take ba, ɗaga shi take kamar lema, musamman sito mai babbar ƙofa a buɗe a fili babu bishiya babu gini kusa. Nauyin kwano da falin, wato ƙarafan da ake ɗora kwanon a kansu, bai kai ya riƙe kansa ba, bol ɗin da ke cikin kankare da nauyin fandisho su ke riƙe da gini. Saboda haka ka tambaya tsawonsu nawa a cikin kankare, guda nawa a kowace ƙafa, wa zai dasa su, kai ko birkila, kuma in aka zo ɗora fila aka tarar sun kauce wa zai biya gyara. Wannan tambayar ta ƙarshe ta raba abokai da yawa. In kuma aikin a fadama ne irin wajen Auyo da Hadejia da ƙasa ke laka ruwa kuma yana kwanciya, ka rubuta ƙarara cewa fandisho da gwajin ƙasa ba naka ba ne, in dai ba naka ba ne.

Ka kuma tambayi me za a rataya ko a ɗora daga baya. Alhaji ba zai faɗa maka yana da niyyar shimfiɗa sola a rufin ba sai an gama, ko ya rataya ƙugiyar ɗaga inji a jikin rafta. Masu ƙafar tankin ruwa ku ma ku ji, lita 10,000 tan 10 ce cif, ban da nauyin tankin, a saman ƙarfe mai mita 9 a tsakiyar makaranta ko bakin masallaci.

Bari in ba ku labarin da duk injiniyan ƙarfe ya sani, don ku ga mahaɗa ɗaya abun da take yi. A garin Kansas Siti na Amurka, ranar 17 ga Yuli 1981, a otal ɗin Hyatt Regency, akwai gadojin tafiya na cikin gini da aka rataye da rodi daga rufi, ta hawa na huɗu tana saman ta hawa na biyu. A zanen asali rodi ɗaya ne dogo zai sauko ya ratsa ta sama ya riƙe ta ƙasa. Masu haɗa ƙarfen suka ga hakan da wahalar yi, sai aka mayar da shi rodi biyu, ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A ido ƙaramin canji ne, amma ya sa mahaɗar gadar sama ta koma ɗauke da nauyin gadoji biyu, ninki kenan. Zanen gareji ya je ofishin injiniyoyi aka buga masa hatimi ya dawo ba tare da an sake lissafi ba. Ana cikin biki mutane sun cika, gadojin suka rufto, mutum 114 suka mutu, sama da 200 suka jikkata. Da aka zo bincike masu ƙarfe na cewa mun kira a waya an amince, injiniyoyi na cewa mun ɗauka ku za ku lissafa mahaɗar. A 1986 aka ƙwace lasisin injiniyoyin. Kaga kowa ya ɗauka ɗan uwansa ya duba. Mu ma nan gida a Uyo, ranar 10 ga Disamba 2016, rufin ƙarfe na wani coci ya rufta kan jama'a ana tsaka da taro, gwamnan jihar ma yana ciki, an rasa rayuka da dama.

Yanzu maganar doka, ni ba lauya ba ne amma zama da su ya koya min wani abu da ya ba ni mamaki. Yawancinmu mun ɗauka in mai aiki ya ba ka zane ka bi, duk abun da ya biyo baya nasa ne. A Amurka akwai hukunci irin haka, shari'ar Spearin ta 1918, kotun ƙolinsu ta ce wanda ya ba da zane ya ce a bi, kamar ya lamunce ne cewa zanen ya isa. Amma mu dokar kwangilarmu daga Ingila muka gaje ta, su kuma suna da tsohon hukunci na 1876, shari'ar Thorn a kan gadar Blackfriars ta Landan, inda ɗan kwangila ya bi tsarin injiniyan masu aiki, tsarin ya ƙi, ya kashe kuɗi da lokaci, ya je kotu aka ce masa ba wanda ya lamunce maka cewa tsarin zai yiwu, kai ya kamata ka bincika kafin ka sa farashi. Wato in ka ce zan yi maka sito a kan kuɗi kaza dunƙule, kar ka zaci kotu za ta tausaya maka don zane ya zo da giɓi, abun da kuka rubuta shi za a fara dubawa. In kuma kotun shari'ar Musulunci aka je, wanda a ƙauye nan aka fi zuwa, malamai za su gaya maka cinikin a ƙera maka abu yana son a fayyace siffa da kuɗi da lokaci, rashin sani a cikin ciniki shi ke ɓata shi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya an san maganar lamuntar da masu sana'a abun da ya lalace a hannunsu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Don haka in Alhaji ya ce haba, tsakaninmu har sai an yi rubutu, ka ce ranka ya daɗe ba rashin yarda ba ne, saboda mantuwa ne da rai da ajali, yau in ɗayanmu ya faɗi magada da me za su yi aiki. Ban taɓa ganin dattijon da ya musa wannan ba.

Kariyarka ta farko tana cikin takardar farashi. Kar ka rubuta aikin sito naira kaza ka sa hannu. Ka rubuta farashin nan an yi shi ne a kan zane mai lamba kaza, gyara na kaza, mai kwanan wata kaza, shafi biyu. Sannan ka jero abun da zanen bai nuna ba da abun da ka ɗauka a madadinsa don lissafin kuɗi kawai, misali na ɗauka farantin ƙafa milimita 20 ne, bol M20 aji 8.8 guda huɗu a kowace ƙafa, biresin a gaɓar farko da ta ƙarshe. Ka biyo da jimlar da ta fi komai, cewa waɗannan ƙiyasi ne na farashi ba lissafin injiniya ba, ba za a yanka ƙarfe ba sai injiniya ya tabbatar a rubuce, in abun da ya tabbatar ya bambanta kuɗi da lokaci za su canja. Ni in zane bai cika ba ma na fi son in sa farashi a kan tan, kuɗin kowane tan da aka haɗa aka ɗora kaza, a ƙarshe a auna a biya abun da ya shiga. Alhazai ba sa so, sun fi son su ji dunƙulallen kuɗi, toh sai ka ce a kawo cikakken zane a samu dunƙulallen kuɗi, ba a cin biyu. Ka kuma sa wa'adin farashin, kwana bakwai ko goma, don ƙarfe da dala suke kwana suke tashi. Sannan ka rubuta kwanakin aiki za su fara ƙirguwa ne daga ranar da ka karɓi cikakken zane da kuɗin kafin alƙalami, ba daga ranar da aka yi musabaha ba.

Sai ku zauna ku yanke wa ke da alhakin lissafin mahaɗa. Ƙungiyar masu ginin ƙarfe ta Amurka, AISC, a ƙa'idarta ta kasa abun gida uku kuma ni na ga tsarin ya dace da mu. Ko dai injiniyan mai aiki ya zana kowace mahaɗa cikakkiya kai ka bi, ko ya ba ka damar zaɓa daga jadawalin da aka riga aka lissafa, ko kuma kai ka ɗauko naka injiniyan mai rajista ya lissafa, shi na mai aiki ya ba da nauyin da kowace mahaɗa za ta ɗauka kuma ya duba ya amince. A cikin ukun nan babu wanda ya ce mai walda ya duba da ido ya ce wannan ya isa. Na san muna da gogewa, na san akwai dattawan sana'a da in suka kalli ƙarfe suka girgiza kai gara ka saurara, amma gogewa ba ta da hatimi. Ga ƙaramin gareji na farkon ya fi, in kuma aka tura maka na ukun toh ka sa kuɗin injiniyan a fili cikin farashi. Su a ƙa'idar tasu kwana 14 ake ba injiniya ya dawo da zanen gareji, kai ma ka sa naka wa'adin a takarda, ko kwana bakwai ne, ka rubuta duk ranar da ta wuce haka za a ƙara maka ita a wa'adin gama aiki.

Tambaya kuma a rubuce ake yinta, ɗaya bayan ɗaya, kowace da lamba. Ba sai da Turanci ba. Ga yadda nake yi, salamu alaikum yallaɓai injiniya, tambaya ta 3, a zane mai lamba kaza inda rafta ta haɗu da fila ba a nuna kaurin faranti da yawan bol ba, muna roƙon a ba mu a zane, mun tsayar da yankan wannan ɓangaren, in amsa ta wuce ranar Alhamis aikin zai yi jinkiri. Ka ɗauki hoton wurin ka zagaye da jan biro ka haɗa. Ka buɗe guruf na mutum uku, kai da injiniya da Alhaji ko yaronsa mai kula da aiki, don kar wani ya ce bai gani ba. In injiniya ya kira ka a waya ya ce kawai sa mai 12 ka wuce, ka ce to yallaɓai, kana kashe waya ka rubuta a guruf, kamar yadda muka yi magana yanzu ka ce a sa faranti milimita 12 da bol shida, don Allah a tabbatar. In ya yi shiru kar ka yanka, ka sake tuntuɓa. Wanda ya ƙi rubuta abun da ya faɗa da baki, ka san akwai dalili.

Saƙon waya yana shiga kotu, dokar shaida ta 2011 a sashe na 84 ta yarda da shaidar da ta fito daga na'ura, sai dai akwai sharuɗɗa har da takardar tabbatar da na'urar da aka ciro saƙon, lauya zai shirya maka. Naka shi ne kar ka goge, ka kashe tsarin nan na saƙo mai ɓacewa da kansa, kar ka sayar da wayar da komai a ciki ba ka kwafe ba, lokaci lokaci ka je shagon kwamfuta a buga maka a takarda. Saƙon murya yana da daɗi amma ka bi shi da rubutu. Ni har littafi mai bangon kwali nake ajewa a gareji, duk zanen da ya shigo a rubuta ranar da wanda ya kawo, tsohon kuma a ja masa layi a rubuta an soke, don yara sun taɓa huda min faranti goma sha huɗu da tsohon zane alhali sabo na aljihuna.

Abun da ya koya min duk wannan kuwa asara ce. Shekarun baya na karɓi rumfar injin casar shinkafa a wani gari, zane bai nuna biresin ba ko kaɗan, na lissafa babu shi na ci aikin don na fi kowa araha. Mun ɗaga fila mun ɗora rafta, injiniyan ya zo sau ɗaya ya tsaya daga gindin bishiya ya ce ina biresin, a sa a rufi da bango gaba da baya, kuma a ƙara kaurin farantin mahaɗa. Na ce to yallaɓai, kuɗin fa, ya ce ka yi za mu yi magana da Alhaji. Na je na ciwo bashin ƙarfe na yi. Ranar lissafi Alhaji ya ce shi rumfa ya saya cikakkiya, rumfa kuma ba ta cika sai da abun da zai riƙe ta, injiniya ya ce ai duk mai walda ya san ana sa biresin ko ba a zana ba. Muka je gaban dagaci, aka tambaye ni takarda, babu, shaida, yarana ne kawai. Aka yi sulhu aka ba ni kashi ɗaya cikin uku don zumunci. Wallahi ban ga laifin dagaci ba, da ni ne a kujerar haka zan yanke.

Saboda haka duk ƙari ko canji, kafin a taɓa ƙarfe a rubuta abu uku, me aka canja, nawa ya ƙara, kwana nawa ya ƙara, wanda zai biya ya sa hannu, ba injiniya kaɗai ba, sai in an rubuta tun farko cewa maganarsa tana ɗaure Alhaji a kan kuɗi. In babban aiki ne kana ƙarƙashin kamfani kuma yarjejeniyarsu irin ta FIDIC ce, wato tsarin kwangilar gini na ƙasa da ƙasa, ka sani akwai wa'adin kwana 28 na sanar da neman ƙari daga ranar da ka san da matsalar, in ya wuce haƙƙin na iya faɗuwa ko da kai ke da gaskiya, wani lokacin ma a takardar da suka ba ka sun rage kwanakin, ka karanta ko ka biya lauya ya karanta maka. Aikin gwamnati kuwa ya fi tsanani, jami'i ya zo ya nuna da yatsa ya ce ƙara nan ba ya zama kuɗi, sai ya bi ta ofis an amince a takarda.

Akwai kuma ta ɗaya gefen, inda ba ƙari ake so ba ragi ake so. Alhaji zai ja ka gefe ya ce wannan injiniyan ya cika tsoro, rage kaurin nan, cire biresin ɗin tsakiya, ai na gidan wane ba shi da shi kuma yana tsaye. Nan takarda ma ba ta wanke ka gaba ɗaya, don in rufi ya faɗa kan leburori ba maganar kuɗi ba ce kuma, 'yan sanda ne, kuma dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta san laifin jawo mutuwa ta hanyar ganganci ko sakaci, sa hannun Alhaji ba zai hana a tambaye ka ba tunda kai ne mai sana'ar. Ka ce ranka ya daɗe a kai wa injiniya, in ya sake lissafi ya buga hatimi ni mai yi ne. Haka in kai da kanka ka ga abu a zane da hankalinka bai kwanta da shi ba, ko da an zana shi cikakke, ka faɗa a rubuce, shirun wanda ya gani shi ma ana tambayarsa. In an matsa sai an yi abun da ka san zai faɗi, ka ajiye aikin, a yi lissafin inda aka tsaya.

Haka maganar kasuwa. Ka je Ƙofar Ruwa babu girman da aka zana, mai shago ya ce ga wannan ai kusan ɗaya ne. Kar ka musanya da kanka, ka turo wa injiniya girman da ake da shi ya zaɓa. Ka tafi da abun awon kauri, don abun da ake kira milimita 5 a baki wani lokacin in ka auna bai kai ba, a rubuta maka girma da kauri a rasit, in akwai takardar masana'anta ta ƙarfen ka karɓa. Kafin a yi fenti ka kira injiniya ya ga walda, ka ɗauki hoto da tef a jiki, fenti na rufe abu da yawa.

A ƙarshen takardar ku rubuta inda za ku in an saɓa. Ni nakan sa matakin farko zama da mutum biyu, kowa ya kawo nasa, da injiniya na daban wanda ba shi da hannu a aikin ya duba ya faɗi ra'ayinsa, don dagaci da liman sun iya sulhu amma ba su san aji 8.8 ba. In bai yiwu ba, a Kano akwai zauren sulhu na babbar kotu, kuma akwai dokar sasanci ta ƙasa ta 2023 da ta maye gurbin ta 1988, wadda in kun rubuta za ku je gaban mai sasanci hukuncinsa yana ɗaure ku. Ku kuma fayyace kuɗin da za a riƙe bayan gama aiki, yawanci kashi 5 cikin 100 ne na wata shida, a rubuta gyaran da ke kanka na aikin hannunka ne, ban da abun da ya taso daga lissafin zane.

Shi ƙanen nawa mun zauna a waya kusan awa ɗaya muka fitar da tambaya 11, ya kwafe a takarda ya kai wa Alhaji bayan la'asar. Alhaji ya ɗan ɓata rai ya ce wani mai walda a Gujungu ya ba shi farashi tun jiya bai tambaye shi komai ba. Da aka nemi wanda ya yi zanen sai ga shi ɗan ƙanwarsa ne mai karatun zanen gini, ya ce shi fasali kawai ya fitar, bai san za a gina da shi ba. Yanzu dai an ce za a kai wa wani injiniya a Dutse ranar Litinin, shi kuma ƙanen nawa na ce masa kar ya sayi ko sandar angul ɗaya, ya ci gaba da ƙofofin makarantar da ke hannunsa.